Tsohon Babur Mai Wuyar Samu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Shi da Farfaɗo da Shi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin wanda ya wayi gari da tsohon babur a hannunsa, na gado ko na saye, bai san sunansa na gaskiya ba balle shekarunsa. Na fi daɗewa a kan maganar ganewa, domin yawancin ɓarnar da na gani an yi wa tsofaffin babura, masu su ne suka yi ta da hannunsu a makon farko, tun kafin su san abin da suke riƙe da shi.

Na samu babur a jibge, ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Me zan fara yi?

Kada ka buga kik. Na san ƙafa tana ƙaiƙayi, kowa yana so ya ji ko injin zai yi tari, amma fistin da ya shekara ashirin a wuri ɗaya ba mai a jikinsa, bugu ɗaya ya isa ya karya ringi ya karce silinda. Kada kuma ka sa masa ruwa mai ƙarfi ko takardar goge ƙarfe.

Ɗauki hoto ta kowace kusurwa, har ƙarƙashin inji da ƙarƙashin sirdi, da yadda kowace waya ta bi. Sannan ka duba kewayen inda ka same shi. Gwangwanin notuna da ke gefe, tsohon kwali, takardar da ɓera ya ci rabinta, duk ka kwashe. Sau da yawa ƙaramin ƙarfen da za ka shekara kana nema yana cikin wannan tarkacen.

Wane babur ne ma ake kira tsoho?

Ya danganta da wanda ka tambaya. Ƙungiyar FIVA ta duniya, mai kula da tsofaffin ababen hawa, ta sa shekara 30. Ta Amurka, AMCA, ta ce 35. Ƙungiyar VMCC ta Ingila, wadda aka kafa a 1946, ta rarraba su aji-aji: na kafin 1915 ajinsu daban, na 1915 zuwa 1930 daban, haka har zuwa gaba.

Amma tsufa daban, wuyar samu daban. Honda Super Cub ya fito tun 1958, sai dai zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Brough Superior kuwa, wanda George Brough ya riƙa ƙerawa a Nottingham daga 1919 zuwa 1940, duka-duka kusan 3,000 aka yi. Kowannensu tsoho ne, amma ba a yi musu riƙo iri ɗaya.

Ina lambobin suke, kuma yaya ake karanta su?

Lamba biyu za ka nema: ta inji da ta firam, wato ƙashin babur. Ta inji galibi tana jikin akwatin inji, ƙasa da gindin silinda, sau da yawa ta hagu. Ta firam tana wuyan babur, inda kai yake juyawa, ko a bututun da ya sauko gaban inji, wani lokaci ƙarƙashin sirdi.

Ga yadda nake fito da lambar da datti ya binne. Tsumma da kananzir, a hankali, sai tsohon burushin haƙori. In ta fara bayyana, sai in goga alli a kai in share da yatsa, farin ya zauna cikin ramukan. Daga nan in kashe fitilar ɗaki, in kwantar da tocila a gefe yadda hasken zai bi ta kan ƙarfen a kwance. Abin da ido bai gani da rana ba sai ka ga ya tashi: 3 ta rabu da 8, B ta rabu da 8. Kada ka kankare da wuƙa. Lambar da aka karce tana jawo zargi ko da mai ita bai yi komai ba.

Lambar nan mai harafi da alƙaluma 17 da ake gani a baburan yanzu, sai a 1981 ta zama ƙa'ida a Amurka. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon. Harley-Davidson kafin 1970 a jikin inji kawai yake buga lambar shaida, kuma alƙaluma biyun farko su ne shekara: in ka ga 47FL, to samfurin FL ne na 1947. Triumph daga samfurin 1969 ya koma sa harafi biyu, na farko wata, na biyu shekara. Harafin A Janairu ne, B Fabrairu, haka dai, amma sun tsallake wasu haruffa irin su F da I, har Disamba ya faɗa kan X. A ɓangaren shekara, C ita ce 1969, D 1970, E 1971. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne shekarar kamfani tana farawa tun wajen Agusta na shekarar da ta gabata. Saboda haka NC na nufin Oktoba na samfurin 1969, wanda a zahiri an haɗa shi a Oktoban 1968.

Lambar inji da ta firam ba su zo ɗaya ba. An cuce ni ke nan?

Ba lallai ba. A Triumph na shekarun 1950 da 1960, lambobin biyu ɗaya suke fitowa daga kamfani, don haka in sun saɓa, an taɓa sauya inji ko firam. Amma a Honda ba a buga su iri ɗaya tun asali, kusa da juna dai suke. Vincent ma ba shi da firam irin wanda aka sani, injin ne ke ɗauke da nauyin babur, sai guntun sama da guntun baya, kowanne da lamba. Sai ka san al'adar kamfanin kafin ka ɗaga murya.

Ko da an sauya injin, babur bai zama banza ba. Darajarsa wurin masu tarawa ce ta ragu, hawa kuwa yana nan daram. Akwai ma gaurayen da suka yi suna, irin Triton: injin Triumph a cikin firam ɗin Norton.

Sunan da ke tanki ya goge, lambar ma ba ta karantuwa. Siffa za ta iya faɗa mini shekarunsa?

Za ta kai ka kusa. Tanki siriri mai lebur da aka rataya tsakanin bututun firam biyu, wannan na kafin ƙarshen shekarun 1920 ne. Daga nan aka koma tankin da ke hawa kan bututu kamar sirdi. Ƙarfe mai ƙyalli da ke ɗan ja zuwa rawaya nikel ne, kuma wajen 1930 kurom mai farin haske ya maye gurbinsa. Ƙafafun gaba masu sanduna da sifirin ɗaya a tsakiya sun yi zamani har yaƙin duniya na biyu. Masu shiga cikin juna da mai a ciki, BMW ya fito da su a R12 a 1935, sauran suka bi sannu a hankali. Bayan babur in ba shi da shokazoba ko ɗaya, ka yi tunanin kafin farkon shekarun 1950. A Triumph mai 650, in akwatin giya a ware yake da inji, kafin 1963 ne. Kafireto ma shaida ne, in ba a sauya shi ba: Amal Monobloc na tsakiyar shekarun 1950 ne zuwa gaba, Concentric kuwa daga wajen 1967.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Bayan yaƙi an karɓe zanen DKW RT125 na Jamus a matsayin diyya, ya haifi BSA Bantam a Ingila, da ƙaramin Harley mai 125 a Amurka, da wani a Tarayyar Sobiyat, Yamaha ma ya kwaikwaye shi a YA-1 na 1955. In ka jera su ba suna, sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne.

Yaya zan gane jabu?

Da farko ka san waɗanda aka fi yi wa jabu: duk samfurin da ke da ƙane mai kama da shi wanda ya fi shi yawa. Vincent Black Shadow na 1948, wanda ba a yi ko 2,000 ba, ɗan uwan Rapide ne. A shafa wa injin Rapide baƙin fenti, a ɗora masa babban agogon gudu, sai a ce Shadow ne. Lambar inji ce ke tona asiri: na Rapide F10AB/1, na Shadow F10AB/1B. Harafi ɗaya tak, shi ya sa ake samun masu ƙara shi da kansu. BMW R71 na 1938 ma haka. Sobiyat ta kwafe shi ta kira shi M-72, daga baya Sin ta ci gaba da shi da sunan Chang Jiang. A liƙa masa tambarin BMW mai shuɗi da fari, wanda bai sani ba ya hau ya zauna. Honda CB750 na 1969 kuma, injuna kusan 7,400 na farko jikinsu yana da kaushi saboda irin zubin da aka yi musu, kuma su ake rububi.

Abin dubawa shi ne wurin da aka buga lambar. Shafa da yatsa: ya fi kewayensa santsi ko ya ɗan lotsa? To an goge shi da zarto. Duba siffar alƙaluman, ka gwada da hoton wani babur na shekarar da aka tabbatar da shi. Kowane kamfani yana da yadda 1 ɗinsa da 4 ɗinsa da 7 ɗinsa suke. Triumph daga 1969 ya riƙa buga ƙananan tambarinsa a ƙarƙashin lambar, don in an goge a gane. Kuma kada tsari mai kyau ya ruɗe ka. Ma'aikaci ne ke buga lambar nan da guduma, ɗaya bayan ɗaya, don haka ta gaskiya takan ɗan karkace. Wadda ta miƙe sumul kamar an ja mata layi ita ce nake ƙara dubawa.

Dillali in ya fara da labari, cewa wani babban soja ne ya hau shi ko ya taɓa cin tsere, ka ce ya kawo takarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wa zai tabbatar mini a rubuce?

Ƙungiyoyin masu irin babur ɗin. Littattafan da kamfanoni irin su Triumph da BSA da Norton suka riƙa rubuta fitar kaya suna nan a adane, VMCC na da da yawa daga cikinsu. Ka aika lambobinka da hotuna, sukan gaya maka ranar da babur ya bar kamfani da dilan da aka aika wa. BMW ma yana da sashen tarihi mai irin wannan aiki.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar wa hukumar rajistar ababen hawa ta inda kake cewa ba na sata ba ne. Kuma ko lambar ta dushe, kada ka sake buga ta da kanka. A ƙasashe da yawa wannan laifi ne.

In mayar da shi sabo fil, ko in bar shi da tsufansa?

A nan ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. In fentin kamfani yana nan, ko da ya koɗe, ko da gwiwar mai shi na farko ta cinye gefen tanki, ka bar shi. Wanke shi da sabulu marar ƙarfi, shafa masa kakin goge mota, ka tsayar da tsatsa da ɗan mai. Duk wanda ke da kuɗi zai iya yin sabon fenti gobe, amma layin zinariyar da wani ma'aikaci ya ja da burushi da hannunsa shekara saba'in da suka wuce, in ka kankare shi ya tafi ke nan. Kuma irin wannan babur shi ne hujjar da masu gyaran wasu suke dubawa su san ainihin launi da inda kowane noti yake.

In kuwa an riga an yi masa fenti sau uku, ko tsatsa ta huda firam, ko a buhu aka kawo maka shi gunduwa-gunduwa, ba abin da za ka adana. Yi masa cikakken gyara. Abin da kawai zan roƙa, kada ka wuce kamfani ƙyalli. Akwai masu sa kurom a inda asali baƙin fenti ne, babur ya fito kamar kwalliyar kanti.

Injin ya cije, ba ya juyawa. Ya mutu ke nan?

Yawanci ringi ne ya manne da silinda. Cire fulogi, zuba man sassauta tsatsa ta ramin, ka bar shi. Kwanaki, wani lokaci makonni, kana ƙarawa. Sannan ka sa babbar giya, ka riƙa tura babur gaba da baya a hankali, tayar baya ta riƙa jijjiga fistin. Ranar da ya motsa ko da kaurin farce ne, ka ci nasara, sauran haƙuri ne. Sauri ya haifi nawa: wanda ya sa dogon bututu a kan sifana ya danna, shi ne ke lanƙwasa sandar fistin.

Sifanata ba ta kama notunan daidai. Me ya sa?

Domin ba ma'aunin da ka saba ba ne. Tsofaffin baburan Ingila da ma'aunin Whitworth da BSF aka haɗa su, da wani mai haƙori 26 a kowane inci wanda aka gada daga masu ƙera keke. Na Amurka ma'aunin inci ne amma nasu daban. Na Jamus da Italiya da Japan milimita ne. Ni kaina na taɓa cusa sabon noti na milimita a kan ƙusar wani tsohon inji, ya shiga zagaye biyu lafiya, na ce to, na ƙara ƙarfi. Haƙoran suka zube kamar gari, aikin minti biyar ya zama na sati uku. Sayi sifanun da suka dace tun farko.

Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye ma ba irin na Phillips ba ne, ma'aunin JIS ne. Sukudireban da bai dace ba shi ke cinye kansu.

Wajen kwancewa, kowane ɓangare da ledarsa da takardar sunansa. Kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka, wata shida ba kwana shida ba ne.

Injin yana juyawa lafiya. Dole sai na buɗe shi?

A wasu injuna, dole. Triumph da BSA masu silinda biyu suna da wani rami a cikin karanshaf inda dattin baƙin mai ke taruwa, domin ba su da matatar mai irin ta yanzu. Shekara da shekaru yana cika, ya daskare kamar busasshiyar laka. Ranar da ya toshe, mai ya daina isa sandar fistin, sandar ta karye ta fasa akwatin inji, akwatin da ke ɗauke da lambar da ta ba babur ɗin daraja. BMW na kafin 1970 ma suna da wasu faya-fayan watsa mai a gefen karanshaf masu cika haka. Ba a ganin wannan daga waje, ba kuma ruwan wankin da ke fitar da shi. Sai an raba injin biyu.

In ka buɗe, auna komai ka gwada da littafin gyara na kamfani: silinda, fistin, bawul, boris. Kuma ka yi hattara da wanke akwatin inji da feshin yashi ko garin gilashi. Ƙwaya kaɗan in ta maƙale a hanyar mai, ita za ta cinye sabon aikin duka.

Tanki ya yi tsatsa a ciki fa?

Zuba guntuwar sarƙa ko notuna, ka girgiza har hannu ya gaji, ka juye. Sai ruwan khal ko ruwan cire tsatsa ya kwana a ciki, a ɗauraye, a busar nan take. In akwai huda, kada kowa ya kusanto da wutar walda sai an tabbatar tururin fetur ya fita ƙarƙaf. Tankin da ya shekara a bushe ma yana fashewa. Fetur na yanzu mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba da tankunan faiba, don haka duk tiyo da gasket na hanyar mai a sauya su.

Wuta ba ta zuwa fulogi, ko tana zuwa in inji ya yi sanyi kawai.

In maganeto ne, wato na'urar da ke ba fulogi wuta ba tare da batir ba, wannan kusan kullum kondensa ce ta tsufa: babur ya tashi da safe, in ya yi zafi ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. A kai wa wanda ya san naɗin maganeto. Kafin ka jona batir kuma, ka bincika: baburan Ingila da yawa na shekarun 1950 da 1960 bakin batir mai alamar tarawa ne ke zuwa jikin firam, akasin na yanzu, kuma galibi bolt 6 ne ba 12 ba.

Kayan gyara ina zan same su?

Na Triumph da Norton da BSA da BMW da Harley, har yau ana ƙera da yawa. Na kamfanonin da suka mutu ba magaji kuwa, sai ƙungiyoyin masu su, da kasuwannin musayar tsofaffin kaya, da mai injin sassaƙa ƙarfe da zai yi maka sabo in ka ba shi tsohon. Saboda haka kada ka zubar da komai, ko ya karye. Sabon kwafi ma araha ba ta ado. Wani ba ya zama sai an sha fama da zarto.

Tayoyin ba su cinye ba. Zan iya hawa da su?

A'a. Duba alƙaluman ƙarshe na lambar da ta fara da haruffan DOT a gefen tayar. In huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ne, kafin 2000 aka yi ta. Roba takan bushe ko zanenta yana nan. Takalman birki ma a sauya, kuma tsofaffin suna iya ɗauke da asbestos mai cutar da huhu, don haka kada ka hure ƙurarsu, jiƙa ta ka goge.

Ranar tayarwa ta farko, me zan kiyaye?

A fili, da abin kashe gobara a kusa. Sabon baƙin mai, kuma in kuloci a cikin mai yake, kada ka sa na mota mai sinadarin rage gogayya, zai riƙa zamewa. In babur mai tankin mai ne a ware, da ya tashi ka buɗe murfin ka leƙa: dole ka ga mai yana dawowa, yana tsartuwa. In ba ka gani ba cikin ɗan lokaci, kashe. In akwai ɗan hannun jinkirta wuta a kan babur, kai shi wajen jinkirtawa kafin ka buga kik, in ba haka ba kik ɗin zai dawo maka a idon sawu.

Sannan ka zauna a kai yana kashe, ka koya wa ƙafafunka inda abubuwa suke. Baburan Ingila kafin 1975 giyarsu a ƙafar dama take, birkin baya a hagu. Ko a tsakaninsu ba su daidaita ba: a Triumph ƙasa ake takawa a shiga giyar farko, a Norton sama ake ɗagawa. Tsofaffin Harley da Indian kuwa da hannu ake sa giya, kuloci a ƙafa, kuma Indian maƙurarsa a hannun hagu take. Hawan farko ya zama a wurin da ba motoci, ka yi ta gwada tsayawa, domin birkin ganga na wancan zamani yana buƙatar fili mai tsawo fiye da wanda ka saba.